Tsaro a Gwarzo da Kabo: Kada Yawan Kaki Ya Zama Taron Tsintsiya Ba Shara

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo a 'yan shekarun nan, ya ratsa Rimin Gado da Garo, zai ba da shaidar cewa ire-iren kaki sun yawaita a ƙasarmu. Ga 'yan sanda, ga sojoji, ga Sibil Difens, ga jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, ga 'yan KAROTA, ga dakarun Hisbah, ga kuma 'yan banga waɗanda su ne ke kwana a bakin gari da tocila da gora. Bayan waɗannan akwai jami'an farin kaya na DSS, waɗanda ba a cika ganin su ba sai ta ɓaci. Kowanne da ofishinsa, da shugabansa, da inda yake kai rahotonsa.

Tambayar da ke ci mini tuwo a ƙwarya, a matsayina na ɗan wannan yanki kuma malamin jami'a, ita ce: idan aka kore wa manomi shanun huɗarsa a Gammo cikin dare, wane ne a cikin waɗannan duka zai riƙe maganar tun daga bin sawu har zuwa ranar da alƙali zai yanke hukunci? A fahimtata, bincike da yawa a ƙasarmu yana mutuwa ne a lokacin miƙa shi daga wannan hannu zuwa wancan. Wanda ya ga laifin daban, wanda ya kama daban, wanda ya rubuta daban, wanda zai tsaya gaban kotu daban, kuma babu igiyar da ta ɗaure su wuri guda. A kan wannan igiya nake son mu yi magana a wannan makon.

Iyakar da takarda kaɗai ke gani

Gammo mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Kabo. Kabo na maƙwabtaka da Gwarzo, ita kuwa Gwarzo ta yi iyaka da Jihar Katsina. In ka miƙe yamma daga garin Gwarzo, ba za ka jima ba za ka iske kanka a Dayi ta ƙasar Malumfashi. Ta arewa ga Shanono, ta kudu ga Ƙaraye. A wurin talaka waɗannan iyakoki ba su da wata ma'ana: muna auratayya, muna cin kasuwannin juna, muna zuwa jana'izar juna. Ɗan kasuwar da ya ci Getso a wannan mako, shi ne za ka gani a wata kasuwar ƙasar Katsina a mako mai zuwa. To, yadda iyakar ba ta tare mai neman halak ba, haka ba ta tare ɓarawo. Babur ɗaya ya ishe shi ya tsallake ƙananan hukumomi biyu da jiha guda kafin a kira assalatu.

Wanda iyakar ke tarewa shi ne mai bincike. Baturen 'yan sandan Kabo yana amsa wa Kwamishinan da ke Bompai, takwaransa na Malumfashi kuwa yana amsa wa Kwamishinan da ke Katsina. A da, jihohin Kano da Katsina da Jigawa duk suna ƙarƙashin Shiyya ta 1 ta rundunar 'yan sanda, mai hedikwata a Kano, wato Mataimakin Sufeto-Janar guda ne ke kan kwamishinonin uku. A shekarar 2020 aka ƙirƙiri sababbin shiyyoyi biyar, aka mai da Katsina hedikwatar Shiyya ta 14 tare da Kaduna. Tun daga nan, layin da ya raba Gwarzo da Dayi ya zama iyakar ƙaramar hukuma, iyakar jiha, kuma iyakar shiyya. Haka abin yake ga sojoji: Birged ta 3 da ke Kano tana ƙarƙashin Runduna ta 1 da ke Kaduna, Birged ta 17 da ke Katsina kuma tana ƙarƙashin Runduna ta 8 da ke Sakkwato. Ban ce an yi kuskure wajen wannan rabo ba, domin kowane rabo da dalilinsa. Abin da nake cewa shi ne, duk inda aka ja sabon layi, wajibi ne a gina gadar da za a riƙa tsallake shi.

Wannan magana ta daina zama ta ajin jami'a tun ƙarshen shekarar 2025, lokacin da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da hare-hare, suna shigowa ta ɓangaren Katsina. A farkon watan Nuwamba na 2025, rundunar soji ta sanar da kashe 'yan bindiga 19 a Shanono, a arangamar da aka rasa sojoji biyu da ɗan banga ɗaya. Allah Ya jiƙansu. Mu da ke Gwarzo da Kabo, gemun ɗan'uwanmu ne ya kama wuta, ba mu da abin yi da ya wuce mu shafa wa namu ruwa. Soja zai iya kore maharan, amma gano wanda ya nuna musu gida, da wanda ya kai musu mai da burodi, da wanda ya sayi shanun da suka kora, wannan aikin bincike ne, kuma babu hukumar da za ta iya shi ita kaɗai.

Yadda magana ke mutuwa

Bari mu buga misali, domin mai karatu ya ga inda gizo ke saƙa. Mu ƙaddara an sace shanu huɗu a wani ƙauye na Gammo da tsakar dare. Mai shanun zai fara buga wa shugaban 'yan banga waya, domin shi ne mafi kusa, kuma shi ne wanda ya san lambarsa. 'Yan banga suka bi sawu har suka kama wani saurayi da igiya a hannu a gefen ƙasar Gwarzo. Suka lakaɗa masa duka, ya ambaci sunayen mutum biyu, ya ce shanun sun tsallaka yamma. Da gari ya waye aka kai shi gaban mai gari, aka yini ana ka-ce-na-ce, sai da yamma aka miƙa shi caji ofis.

A cikin wannan yini ɗaya an yi asarar abubuwa huɗu. Na farko, lokaci: shanun sun riga sun shiga wata kara ko sun faɗa hannun mahauci. Na biyu, wayar saurayin, wadda a cikinta ake da lambobin abokan harkarsa, ta bi hannu biyar, wataƙila ma ta yi ɓatan dabo. Na uku, furucin da ya yi a ƙarƙashin gora ba shi da amfani a gaban alƙali, domin Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta mai da dukan kansa laifi. Na huɗu, babu wanda ya rubuta sunayen waɗanda suka kama shi, da wurin, da lokacin, da abin da aka samu a hannunsa, balle a san wa za a kira ya ba da shaida.

Daga nan sai a shiga gardamar hurumi. A ƙasar Kabo aka yi satar, a ƙasar Gwarzo aka yi kamun, kayan kuma suna Katsina. Kafin takarda ta je ta dawo, wa'adin da sashe na 35 na Tsarin Mulki ya gindaya na gurfanar da wanda ake tuhuma, wato kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisan kotu, ya cika. Mai gabatar da ƙara ya tsaya gaban majistare da kundin da babu komai a ciki sai zargi. Alƙali kuwa ba ya hukunci da jita-jita, sai ya ba da beli ko ya sallami ƙarar. Bayan mako biyu 'yan banga suka ga saurayin yana shan shayi a tasha. Nan take za su ce 'yan sanda sun ci kuɗi, 'yan sanda su ce kotu ce ta sake shi, kotu ta ce ba a kawo mata hujja ba. Kowa ya faɗi gaskiyarsa, manomi kuwa ya shiga damina babu shanun huɗa.

Mafi muni shi ne darasin da jama'a ke ɗauka daga irin wannan. Sai su ƙudurce cewa nan gaba ba za su sake kai ɓarawo hannun hukuma ba. Daga nan ake fara ɗaukar doka a hannu, kuma mu mutanen Kano mun ɗanɗani ɗacin wannan hanya a ƙarshen watan Maris na 2025, sa'ad da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa, akasarinsu 'yan jiharmu, a garin Uromi na Jihar Edo, bayan 'yan sintirin garin sun tare motarsu. Da an miƙa su ga 'yan sanda an bincika, da yau suna cikin iyalansu.

Daga 'yan doka zuwa yau

Dattawanmu sukan ce a zamanin En'e ɓarawo ba ya kwana biyu a gari ba a san da shi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. A wancan tsari, mai unguwa ya san duk baƙon da ya sauka a unguwarsa, ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi, hakimi yana da 'yan doka da alƙali a kusa da shi. Labari da kamu da shari'a duk a igiya ɗaya suke. Sai dai wannan igiya ita ce kuma aka riƙa shaƙe 'yan adawa da ita, kamar yadda 'yan NEPU suka sha a shekarun 1950 da farkon 1960. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon ta narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan tarayya. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 214, ya tabbatar da cewa rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan.

Amma da yake buƙata ta fi ƙarfin runduna ɗaya, sai aka yi ta haifar wasu hukumomi. An kafa DSS a 1986, NDLEA a 1989, aka yi wa Sibil Difens doka a 2003, a shekarar da Kano ta yi dokar Hukumar Hisbah. KAROTA ta zo a 2012. Da matsalar 'yan bindiga ta ta'azzara, Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairun 2024, Sakkwato ta bi sahu a shekarar, Kano ma ta ƙaddamar da tata rundunar sa-ido ta unguwanni mai mutum 2,000 a ƙarshen 2025. Kowace dokar kafawa ta yi bayani dalla-dalla a kan kaki da muƙamai da albashi. Bayanin da ya fi ƙaranci shi ne na yadda wannan zai miƙa wa wancan mutum da kaya da labari.

Ko dangantakar 'yan sanda da Hisbah ta sha tangal-tangal kafin ta daidaita. A watan Fabrairu na 2006 gwamnatin tarayya ta haramta Hisbah, aka kama kwamandanta na lokacin, Marigayi Sheikh Yahaya Faruk Chedi, da mataimakinsa. Jihar Kano ta garzaya Kotun Ƙoli, kotun kuma ta ce a 2007 ba ta da hurumin sauraren ƙarar kai tsaye. Alhali dokar da ta kafa Hisbah ta sanya taimaka wa 'yan sanda wajen hana laifi da gano shi da kai rahotonsa a cikin ayyukanta. Yau ɗan Hisbah na ƙauye ya fi kowa sanin gidan da ake rikicin aure, da yaron da ya fara shaye-shaye, da yarinyar da ta ɓace. Wannan sani dukiya ce ga mai bincike, in har akwai hanyar da zai isa gare shi.

Darussa uku da muka gani da idonmu

Darasi na farko na tsadar rashin magana da juna ne. Ranar 6 ga Agusta, 2019, 'yan sandan rundunar leƙen asiri ta Sufeto-Janar sun kamo Hamisu Bala Wadume a Ibi ta Jihar Taraba bisa zargin garkuwa da mutane. A kan hanya sojoji suka buɗe wa motarsu wuta, aka kashe 'yan sanda uku da wasu fararen hula, wanda aka kama kuma ya tsere. Hukumomin biyu suka shiga musayar sanarwa a bainar jama'a, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Bayan kimanin mako biyu aka sake kama shi a Hotoro, nan cikin birnin Kano. Ko wace fassara mutum ya yi wa abin da ya faru a wannan hanya, ƙasa ta yi asarar ƙwararrun masu bincike a hannun abokan aikinsu.

Darasi na biyu na ribar haɗa kai ne. An sace Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara biyar, a Kano a watan Disamba na 2021. Aikin haɗin gwiwa tsakanin DSS da 'yan sanda ne ya kai ga kama mai makarantarsu a Janairun 2022, lokacin da ake ƙoƙarin karɓar kuɗin fansa. Ba a samu ceto ranta ba, Allah Ya sa mai ceto ce ga iyayenta. Amma ranar 28 ga Yuli, 2022, Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke hukuncin kisa a kan mutum biyu. Wata shida ke nan tsakanin kamu da hukunci, a ƙasar da shari'ar kisan kai kan shekara biyar ba a kai ƙarshenta ba. Masu bin diddigin waya sun yi nasu, masu tattara shaida sun yi nasu, Ma'aikatar Shari'a ta karɓi kundi cikakke. Abin tambaya shi ne, me zai hana ɗan manomin Gammo ya samu irin wannan kulawa, ko da labarinsa bai karaɗe Facebook ba?

Darasi na uku na haɗa rahotanni ne. A watan Oktoba na 2019 'yan sandan Kano suka sanar da ceto yara tara da aka sace daga unguwannin birni aka sayar a Onitsha ta Jihar Anambra. Wasu daga cikinsu sun shekara da shekaru a can, har an canja musu suna. A 2021 kotu ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Yaran nan ɗaya bayan ɗaya aka ɗauke su, daga unguwanni daban-daban. Iyayen kowane yaro su kaɗai suka san zafin nasu rashi. Sai an jera rahotannin a faifai ɗaya ne ido zai ga cewa hannu ɗaya ne ke ɗauka.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A Ingila da Wales akwai rundunonin 'yan sanda 43 masu cin gashin kansu. A 2002 wani mai kula da ginin makaranta ya kashe 'yan mata biyu 'yan shekara 10 a garin Soham. Binciken da Sir Michael Bichard ya jagoranta, wanda ya fito a 2004, ya gano cewa 'yan sandan yankin da mutumin ya baro sun sha samun ƙorafi a kansa, amma bayanin bai isa ga waɗanda suka tantance shi kafin a ɗauke shi aiki ba. Sakamakon haka suka gina rumbun bayanai na ƙasa baki ɗaya, wanda ya fara aiki a 2011. Su da ke da kuɗi da kwamfuta sai da jini ya zuba kafin suka gane. Mu da muka ga nasu da namu, ba mu da uzurin jira.

Me ke hana su haɗa kai?

Dalili na farko shi ne neman suna. Ana auna shugaban hukuma da yawan waɗanda ya jera gaban 'yan jarida, ba a tambayarsa nawa ne kotu ta samu da laifi. Wanda ya san cewa in ya ba da labari wani ne zai sha yabo, sai ya rungume labarinsa. Na biyu shi ne rashin yarda. Kowa na tsoron kada bayanin da ya bayar ya koma kunnen ɓarawo kafin dare, kuma tsoron yana da tushe, domin masu kai wa 'yan bindiga rahoto a cikinmu suke. Na uku shi ne raini: mai digiri yana ganin ɗan banga jahili ne, ɗan banga yana ganin mai kaki baƙo ne da bai san hanyar rafi ba, alhali da ɗan gari akan ci gari. Na huɗu shi ne kuɗi. Bin sawun shanu daga Kabo zuwa wata jiha yana buƙatar mai da abinci da kuɗin waya, kuma sau da yawa wanda aka yi wa satar ake juyowa a ce ya kawo. Talakan da aka raba da jarinsa, ina zai samu? Na biyar shi ne yawan sauyin wurin aiki. Jami'in da ya ƙulla zumunci da takwaransa na tsallaken iyaka, da zarar an ɗauke shi, zumuncin ya bi shi, domin a wayarsa yake, ba a ofis ba.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Ba sabuwar doka muke jira ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda Kano ta yi makamanciyarta a 2019, ta wajabta rubuta bayanan duk wanda aka kama, ta tanadi babban rumbun bayanan masu laifi, ta kuma ɗora wa majistare ziyartar wuraren tsare mutane duk wata. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma. Abin da ya rage shi ne a sauko da su daga takarda zuwa ƙasa. Ga shawarwarina ga shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, da hakimanmu, da Kwamishinan 'Yan Sanda.

Na ɗaya, takardar miƙa hannu. Duk ɗan banga, ko ɗan Hisbah, ko jami'in sabuwar rundunar jiha da ya kama mutum, ya cike takarda mai shafi ɗaya da Hausa: wa aka kama, a ina, da ƙarfe nawa, me aka samu a hannunsa, su wa suka gani. Mai miƙawa ya sa hannu, mai karɓa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, mai ƙara ma a ba shi lambar ƙararsa. Wannan takarda za ta kare wanda aka kama daga ɓacewa, ta kare kayan shaida daga salwanta, ta kuma kare ɗan sanda mai gaskiya daga zargin da bai ji ba bai gani ba.

Na biyu, rajista guda ta manyan laifuka ga Gwarzo da Kabo da maƙwabtansu. Satar shanu, ƙwacen babur, ɓatan yaro, garkuwa da mutane, duk a shigar da su wuri ɗaya cikin yini guda, tare da kamannin dabba ko lambar injin babur. Ko da littafi da wayar hannu za a iya farawa kafin kwamfuta ta zo.

Na uku, kowane bincike ya zama yana da uba ɗaya. A doka, 'yan sanda ne ke da alhakin binciken yawancin laifuka, saboda haka a ambaci jami'i guda da sunansa wanda kundin ke wuyansa, sauran hukumomi su kawo masa gudummawa. In maganar ta ƙwaya ce, NDLEA ta ja gaba, sauran su bi. Kowa ya san jinkar da masu ɗauka suka yi yawa babu mai ba da umarni, a ƙasa take ƙarewa.

Na huɗu, zaman kan iyaka. Turawan 'yan sandan Gwarzo da Kabo da Shanono da Ƙaraye su riƙa zama da takwarorinsu na ɓangaren Katsina a kai a kai, da kundi a hannu, ana bin ƙararraki ɗaya bayan ɗaya. Kwamishinonin jihohin biyu su ba da izini a rubuce cewa mai bin sawu da zafinsa zai iya tsallakawa, muddin ya sanar da ofishin da ya shiga ƙasarsa. A kuma samar da lambar waya ta ofis wadda ba ta bin jami'i in an sauya shi.

Na biyar, kasuwa. Ɓarawo ba ya sata sai ya san inda zai sayar. A jawo sarakunan fawa da shugabannin dillalan kara da masu sayar da tsofaffin babura da wayoyi cikin wannan tsari, a riƙa tura musu sanarwar abin da aka sace tun kafin kasuwa ta ci. Dillalin kirki ya san baƙuwar saniya da baƙon mai ita.

Na shida, horo da kuɗi. A koya wa 'yan banga abubuwa uku kacal: kada a doki wanda aka kama, kada a taɓa wayarsa, kada ya kwana a hannunku. Ƙananan hukumomi kuma su ware wani kaso bayyananne daga kuɗin tsaro domin bincike, a daina tatsar wanda aka zalunta.

Na san za a ce tara bayanai wuri ɗaya yana iya zama makami a hannun azzalumi, ko ya tona asirin mai ba da labari. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma tarihin 'yan doka ya ishe mu gargaɗi. Maganinta shi ne a raba rajistar laifi da sunan mai tsegumi, na biyun ya tsaya a wurin jami'i ɗaya. Majistare kuma ya riƙa duba rajistar a ziyararsa ta wata-wata, ya tambayi inda kowane kamamme ya ƙare. Haɗin kan da babu idon kotu a kansa yana iya rikiɗewa ya zama haɗin baki.

Ana ta muhawara a kan kafa 'yan sandan jihohi, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa. Abin da nake jan hankali a kai shi ne, ko an kafa ko ba a kafa ba, matsalar miƙa hannu tana nan tana jiran mu. In ba mu iya haɗa ofisoshin Kabo da Gwarzo da Malumfashi a kan saniya huɗu ba alhali duk Sufeto-Janar ɗaya suke yi wa biyayya, yaya za ta kasance ranar da kowanne zai koma amsa wa gwamnansa?

Ina kira ga 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya, da malamanmu, da ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu, su sauya irin tambayar da suke yi wa jami'an tsaro. Mun saba tambayar motoci nawa aka raba, mutum nawa aka ɗauka. Mu fara tambayar ƙararraki nawa aka shigar a wannan wata, nawa suka isa kotu, nawa aka yanke wa hukunci, dabbobi nawa suka koma hannun masu su. Ranar da aka fara ba da wannan amsa a bainar jama'a, hukumomin da kansu za su nemi juna, domin babu wadda za ta iya cika lissafin ita kaɗai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ke bangonmu tana tsakanin ofis da ofis ne.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kare manomanmu da makiyayanmu, Ya taimaki duk jami'in da ke kwana a waje domin mu yi barci, amin.